Tumatirin da Aka Bar wa Tela

Ranar da Maman 'Yan Biyu za ta tafi jinyar yayarta, ba ta tsaya yi wa mijinta bayanin abinci ko wanki ba. Hannun rigarsa ta kama, ta ja shi ta ƙofar ɗakin girki, jaka a kafaɗarta, mai tasi yana ta danna hon a waje. Sai da ta kai shi bakin lambu sannan ta sake shi.

Lambun ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan fili ne tsakanin bangon ɗakin girki da katangar maƙwabci. Da 'yan biyun suka girma suka bar gida, ɗaya aure ya kai ta nesa, ɗaya aiki, sai uwarsu ta tsince duwatsun wurin, ta zuba taki, ta mai da shi abin yi. Akwai layin tumatir, akwai barkono, da wake mai hawa, da kokwamba a kusurwa. Shi kuwa mijin, wanda kowa a unguwar yake kira Tela, iyakarsa da wurin ya leƙo ta taga ya ce sannu da aiki.

"Ka ga tumatirin nan?" ta ce. "Yanzu iya gwiwa yake. In ya fara sunkuyawa ka kafa masa sanda, ga gora can na jingine a bango. Wake igiya yake so, ka ɗaura masa, shi zai hau da kansa. Ruwa da sassafe, a gindi za ka zuba, ban da ganye. Baban 'Yan Biyu, kana ji na kuwa?"

"Ina jin ki."

"Me na ce?"

"Kin ce in watsa wa ganye ruwa da tsakar rana."

Ta harare shi, ba ta yi dariya ba. Tun da aka bugo waya aka ce Yaya ta faɗi a banɗaki ɓarin jikinta ya shanye, dariya ta yi mata wuya. Ta ce ba za ta daɗe ba, 'yar Yaya tana neman hutu a wurin aiki, da ta samu za ta zo ta karɓe ta. Ya karɓi jakar ya kai mota.

Da farko abin bai dame shi ba. Famfon gidan da asuba yake kawo ruwa, ya ɗauke kafin rana ta yi zafi, kuma a gaban gida yake, lambu kuwa yana can baya. Sai ya tara a bokiti, ya ratsa falo, ya ratsa ɗakin girki, ya sauka 'yar matakala. Ya yi ta mamakin yadda matar nan take yin haka kullum ba ta jiƙa dardumar falo ba. Shi tun ranar farko ya jiƙa ta sharkaf, ya naɗe ta ya jingine a bango.

Tela mutum ne da keken ɗinki ya riga ya cinye wa baya. Shekara da shekaru yana sunkuye a kan allura, har ta kai in ya miƙe sai ya dafa ƙugu ya yi jim kafin ya taka. Bokiti ya zo ya sami daidai wurin da ke ciwo. Yakan isa shago ya riga ya gaji, ya buɗe ƙofa, ya share zare da guntayen yadi, ya zauna yana kallon tulin ɗinki kamar wani ne ya karɓo masa.

Kullum da yamma in ya dawo sai ta kira ta bidiyo. Ta tambayi lafiyarsa a gurguje, ya tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi, sannan ta ce, "Fita da ni waje."

Ya fita.

"Juya wayar. Ba fuskarka nake son gani ba, na san ta. Yi ƙasa. Dama kaɗan. Wancan ganyen me ya same shi?"

"Rawaya ya yi."

"Ai na gani. Cire shi."

Da tumatirin ya fara kwanciya, ya kafa gorar kamar yadda aka ce masa. Abin ɗauri ne bai gani ba, sai ya zo da zaren nailan daga shago, irin mai ƙarfin nan da yake ɗinke jaka da shi. Ya ɗaure kowane kara a jikin sandarsa tamau, ya yi ƙulli mai kyau, ya datse bakin zaren da almakashi. Suka tsaya cak kamar sojoji a fareti. Aikin ya burge shi, ranar shi ya fara kira.

Ta ƙura ido tana kallo. Ta ce ya matso da wayar. Ya matso.

"Innalillahi! Baban 'Yan Biyu, yanka su za ka yi?"

"Ke kika ce in ɗaure."

"Kai da kullum tef ɗin awo yana rataye a wuyanka, ka taɓa ɗinka wa yaro riga ba ka bar masa wurin girma ba? Karan nan kauri zai yi, zaren ya shige cikinsa. Kwance su yanzu, ina kallo."

Ya jingina wayar a jikin bulo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa, sauro yana cin idon sawunsa, muryarta tana fitowa daga ƙasa tana cewa a hankali, a hankali. Washegari ya cika leda da guntayen yadi ya kawo gida: ragowar labulen wani ofis, da na siket ɗin makaranta, da wani mai ƙyalƙyali da ya rage daga rigar wata mawaƙiya. Ya yayyaga su siri-siri. Ta koya masa yadda ake yi, a fara ƙullawa a jikin sanda, sannan a zagayo kara sako-sako yadda yatsa zai iya shiga. Kafin magariba lambun ya koma ja da shuɗi da ruwan hoda.

Maƙwabcinsa Mai Walda, wani ƙato mai murya kamar yana magana daga cikin tanki, ya leƙo ta katanga da buroshi a baki.

"Tela, reshen shago ka buɗe a nan? Tumatir ma an fara yi masa ɗinki?"

"In kana so kai ma zo in auna ka."

"Ni yadinka ba zai ishe ni ba."

Ɗauri ba shi ne ƙarshen aikin ba. Akwai 'yan tsiron da ke fitowa a hammatar reshe, waɗanda ta ce a riƙa tsinke su da farce tun suna ƙanana, in ba haka ba ganye zai cika, 'ya'ya su yi kaɗan. Ya tsinke yau, jibi wasu sun leƙo. Yatsunsa suka rine, suka ɗauki wani wari mai ɗaci da sabulu ba ya fitarwa da wuri. Wata rana ya bar shatin babban yatsa a kan farin yadin wata malamar asibiti, ta wanke shi tas a gaban mutane, ya yi ta ba da haƙuri.

'Yar Yaya ba ta sami hutun ba. Da ta samu kuma, ɗanta ya kwanta rashin lafiya. Kwanaki suka koma makonni. Tumatir ya wuce ƙugu, ya kai ƙirji, ya tsere wa gorar, ya fara ɗaukar 'ya'ya kore shar masu nauyi. Wake ya cinye igiyarsa ya miƙa kai yana lalube a iska. Kokwamba ta yaɗo ta shiga cikin barkono ta shaƙe shi, sai da ya ɗaga ta ya rataya a ƙusoshin da ya buga a katanga. A daidai wannan lokacin aka kusa komawa makaranta, iyaye suka cika shago, kowa ɗansa ya ƙara tsawo, kowa jiya yake son kayansa.

Wata rana bayan azahar hadari ya haɗo. Wuta ta ɗauke, yana taka keke da ƙafa, sai ya ji iska ta fara buga kwanon rufin shago. Gorar ce ta faɗo masa a rai. Ya so ya tashi, amma wani uba yana zaune a benci ya harɗe ƙafa yana jiran wandon ɗansa, ya ce ba inda za shi sai da shi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai da ya kafa maɓalli na ƙarshe, ya goge, ya ninke, sannan ya rufe shago ya bi ta cikin taɓo ya koma gida.

Rabin layin a kwance ya tarar. Gorar ta karye daga gindi, inda danshi ya daɗe yana cin ta. Ɗanyen tumatir ya warwatsu a laka, igiyar wake ta tsinke, waken ya zubo a kan barkono kamar wankin da ya faɗo.

Ya tsaya da takalmi a hannu. Ba baƙin ciki ne ya fara zuwa masa ba. Abin da ya fara zuwa shi ne, to shi ke nan, an huta. Sai kuma ya tuna yamma ta yi, yanzu waya za ta yi ƙara. Ya zauna a matakala yana shirya abin da zai ce. Har aka kira magariba ba ta kira ba.

Mai Walda ne ya leƙo. Ya dubi ɓarnar ya yi fito.

"Wannan ba aikin kara ba ne, Tela. Wannan sai ƙarfe. Bar ni da shi."

Bayan kwana kaɗan ya zo da wani abu da ya harhaɗa da ragowar rodi da bututu, dogo, mai ƙafafu, kamar gadon asibiti da aka tsayar a tsaye. Ya ƙi shiga ta ƙofar ɗakin girki ko ta wace fuska aka juya shi, sai ta kan katanga suka tsallako da shi, Mai Walda yana turowa yana ba da umarni, Tela yana tarba yana jin bayansa yana ƙara. Suka kafa shi, suka bi tumatirin suna ɗagawa a hankali suna ɗaurewa. Wasu sun karye har lahira. Wani guda tsagewa kawai ya yi, Tela ya ɗora shi da guntun rula ta katako, ya naɗe da ƙyalle.

Mai Walda ya girgiza ƙarfen da hannu biyu. "Wannan ko giwa ta jingina ba zai motsa ba."

"Giwa ba ta shigowa nan. Matata ce za ta shigo."

"To ita kam ban yi maka alkawari ba."

Da yamma ya wanke hannu ya kira ta don ta gani. Ta ɗauka a wani dogon baranda mai farin fenti, mutane suna wucewa ta bayanta. An sake kwantar da Yaya a asibiti. Fuskarta ta faɗa, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba.

"Bari ki ga abin da muka yi ni da Mai Walda," ya ce, ya fara juya wayar.

"Baban 'Yan Biyu, bari tukuna, ana kira na."

Daga ranar ba ta sake cewa ya fita da ita waje ba. Kiran ya koma na murya, gajere. Ka ci abinci? Na ci. Ya mai jiki? Sai addu'a. Ran da ya ga tumatir na farko ya yi ja, ya gaya mata, ta ce, "To, madalla," kamar labarin gonar wani ya ba ta.

Ya ci gaba da yi, tun da ba wanda ya ce ya daina. Sannan tumatirin ya tashi nuna gaba ɗaya, kamar sun haɗa baki. Shi girkinsa bai wuce shayi da ƙwai ba. Ya yanka a ƙwai da safe, ya yanka a ƙwai da yamma, har ganin ja ya fara ɗaga masa zuciya. Ya riƙa cika kwali yana kaiwa shago, duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya tafi da ƙulli. Malamar asibitin nan ma ta samu, ta karɓa tana cewa ashe shatin yatsan nan da dalili. Matar Mai Walda ta karɓa har ta fara cewa na jiya ma yana nan. Wasu suka yi baƙi a gindi suka ruɓe a jikin reshe, wasu tsuntsaye suka huda, wasu ya ɗaga ganye ya tarar da tsutsa koriya mai kaurin yatsa tana ci ba ta ko kunya.

Wata safiya bayan ya yi salla ya koma ya kwanta. Ya ji famfo ya yi tari ya fara zuba, ya ji ruwa yana bugun gindin bokiti, ya ce yau ko me za a yi a yi. Ya tashi kawai ya kashe, ya koma. Ranar aka ƙwalla rana. Da ya dawo da yamma ganyayen duk sun yi laushi sun rataye, na kokwamba sun kwanta a katanga kamar tsumma. Famfo ya bushe. Ruwan da ya rage a gidan shi ne na wankansa a cikin baho. Ya tsaya yana kallonsu da kayan aiki a jikinsa.

"Ni na shuka ku?" ya ce da ƙarfi. "Ku gaya min, ni na shuka ku?"

Ya ɗebo ruwan wankan da kofi ya bi gindinsu, kowa kaɗan. Ranar da ƙurar shago ya kwana.

Yana tsakiyar falo da bokiti wata safiya waya ta yi ƙara a aljihunsa. 'Yar Yaya ce, tana kuka. "Baba, Mama ta cika." Ya ajiye bokitin a inda yake. Ya miƙa wa Mai Walda makulli ta katanga, ya kama hanya. 'Yan biyu ma suka zo, kowacce daga inda take. Aka yi jana'iza, aka karɓi gaisuwa, da mutane suka fara raguwa ya ɗauko matarsa suka dawo.

A mota ya yi ta tsara bayani a ransa, na gorar da ta karye, da na ƙarfen, da na barkonon da kokwamba ta kusa kashewa. Da suka iso ya riga ta shiga ya leƙa ta taga. Mai Walda ya yi aiki da zuciya ɗaya: tiyo ya jefo ta kan katanga yana yi musu wanka safe da yamma tun daga sama. Tumatir ya sha ya ƙoshi ya tsattsage, ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Tela ya saki labulen da sauri.

Ashe damuwar banza ya yi. Ta wuce bokitin da ke tsakiyar falo, ta wuce dardumar da ke jingine, ba ta tambayi komai ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta da mayafinta, ba ta tashi ba sai da rana ta faɗi.

Maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa. Takan zauna ta amsa, in sun tafi ta kwashe kofuna ta wanke a ɗakin girki, tagar lambu tana gabanta, ba ta ɗaga labulen. Shi kuwa kullum da safe yana can, yana cire ganyen da ya lalace, yana sake ɗauri, yana share tsakanin layi, kunnensa yana kan ƙofa. Ba ta fito ba. Abin ya yi masa ciwo, kuma ya ji kunyar cewa ya yi masa ciwo, mace ta binne yayarta shi yana jiran a yaba masa tumatir.

Sai wata safiya yana sunkuye ya ji ƙarar ƙofa. Ta fito da zani ɗaure a ƙirji da tsohuwar rigar sanyinsa a kafaɗa, ta zauna a matakala. Ta daɗe tana kallon ƙarfen.

"Wannan kuma aikin wane ne?"

"Mai Walda."

"Na ga alama."

Ya jira sauran. Tana murza wuyan hannunta na dama da na hagu, a hankali, kamar mai shafa mai.

"Yaya ta fi ni jiki, ka sani," ta ce. "In ɗaga ta, in juya ta, in sa mata filo, kafin in kai bakin ƙofa ta zame. Ma'aikatan suna da kirki, amma mutum nawa za su yi wa? Yanzu ko kofi na ɗauka sai na ji shi har gwiwar hannu." Ta buɗe tafin ta rufe, bai rufu duka ba. "Bokiti kam ba zan iya ba, Baban 'Yan Biyu."

"Wa ya ce ki ɗauka?"

"Kai ma ai na ga yadda kake tafiya. Kamar mai neman allura a ƙasa."

"Da ma sana'ata ce."

Ta ɗan yi murmushi, bai kai ko'ina ba. Ya juye sauran ruwan a gindin barkono, ya kifa bokitin ya zauna a kai, ya miƙe ƙafa yana cije baki. A can gidan Mai Walda ana ta jan ƙarfe a kan siminti.

"In wannan ya ƙare a tuge shi," ta ce. "Ba zan sake shuka ba. Na gaji."

"To," ya ce. Wani sanyin daɗi ya sauko masa tun daga wuya har ƙugu, ya sunkuyar da kai don kada ta gani a fuskarsa.

Ta ce ya miƙo mata roba. Ya tsinko waɗanda suka nuna ya zube a gabanta, ta riƙa ware masu kyau gefe, tsagaggu gefe, tana yi tana hutawa. Wayarsa ta yi ƙara, wani ne yake tsaye a ƙofar shago tun ɗazu. Ya ce masa ga shi nan a hanya, bai tashi ba sai da ta gama.

Tumatirin ya ƙara 'yan makonni yana ba da na ƙarshe, ƙanana, masu kaurin fata. Da ya bushe suka tuge shi kaɗan-kaɗan, shi yana ja, ita tana zaune tana nuna masa na gaba. Ba su yi a rana ɗaya ba, ba mai ƙarfin haka a cikinsu.

Suna cikin wannan ne wata yamma ƙaramar 'yan biyu ta kira uwarta. Tela yana kwance a doguwar kujera, an sa masa tawul mai zafi a baya, yana jin muryarta tana tashi daga wayar. Wai wata abokiyar aikinta ta ba ta irin wata kabewa mai daɗi, ba ta da wahala ko kaɗan, abin hawa kawai take so, za ta ba direba ya kawo.

"Ni na ajiye," in ji uwar. "Sai dai ki yi magana da babanki, shi ne manomin yanzu."

Tela bai ɗaga fuskarsa daga filo ba.

"Ki ce mata ba na nan," ya ce.